Mene Ne Tukuicin Horon Kare?

Tukuicin horo shi ne ɗan guntun abinci da ake bai wa kare nan take bayan ya bi umarni, kamar ya zauna ko ya dawo idan an kira shi, domin ya danganta aikin da daɗin da ya biyo baya. Masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, ya fayyace wannan ƙa'ida a littafinsa na 1938, inda ya nuna cewa dabba tana maimaita aikin da ya jawo mata lada.

Tun da ana ba da tukuicin sau da yawa a zama guda, bai kamata guntun ya wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada jimillarsa ta haura kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Dafaffen naman kaza marar gishiri, da ɗan hanta, da dafaffen ƙwai, da karas, duk suna wadatarwa, kuma ana samunsu a kasuwar garin Keffi.

Amma akwai haɗari a ba shi ragowar tsire da kilishi, domin albasa da tafarnuwar da ke tare da su suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare sannu a hankali. Cakulan guba ne gare shi, inabi yana iya kashe ƙodarsa, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana tsagewa ya soke hanji.

Zaɓen tukuicin ya shafi mafarauta da masu karnukan gadi a Keffi da ƙauyukanta, waɗanda aikinsu ya dogara ga kare mai lafiya da jin kira.