Abin da Tayar Gaba Ke Faɗa wa Mai Mota

[Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa]

Yau a gindin mota za mu yi shirin namu, saboda haka mai farar riga sai ya tattare.

Kwanakin baya na tsaya wajen mai faci don a ƙara mini iska. Yana gamawa sai ya karya sitiyari har ƙarshe, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Daga waje taya kamar jiya aka sa ta, zanenta raɗau. Amma gefen ciki ya suɗe tas, har waya ta fara leƙowa. Ko shekara ba ta yi ba. Nan take na hau zagin wanda ya sayar mini, na ce jabu ya ba ni. Ashe bawan Allah ba shi da laifi, motata ce ke cin tayarta.

Mai gyaran takalmi idan ya juya takalminka ya dubi dunduniya, ya san yadda kake taka ƙasa. Haka taya take. Idan tsakiyarta ce ta cinye, gefuna biyu na nan da zanensu, iska ta yi mata yawa. Idan gefuna biyun ne suka cinye tare, tsakiya ta rage, iska ce ba ta isa ba. Wannan babu ruwan alaimen. Kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa muna barin mai faci ya buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara, ya ce ta yi. Alhali kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta adadin iskar, galibi a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. A ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne zuwa 35 a geji. Lambar da ke jikin tayar kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A kuma auna da safe, kafin taya ta ɗau zafi.

To, idan gefe ɗaya kaɗai ya cinye fa, kamar tawa? Nan ne maganar alaimen ta shigo, wato saita tayoyi su fuskanci inda ya kamata.

Abu na farko da masu wannan aiki ke dubawa shi ne ko bakin tayoyin biyu ya karkato ciki suna kallon juna, ko ya buɗe waje. Ku saurari wannan lissafi. Idan taya ta kauce da rabin digiri kacal, abin da ido ba zai gani ba, to a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, an goga ta a kan kwalta kamar kilomita 2 ke nan, tamkar ana kankare ta da dutse. Direban haya da ke zuwa ya dawo kullum, sai ya lissafa na wata guda.

Wannan matsala tana barin shaida da hannu ke ji. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar, daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma tana kartar ka kamar haƙoran zarto, to bakin tayoyin ne ya kauce. A yi hattara dai, idan waya ta fito tana yanka.

Na biyu shi ne abin da suke kira kamba, wato tsayuwar taya idan ka dube ta daga gaban mota. Wata za ka gan ta ta yi gwame, samanta ya kwanta ciki, ƙasanta ya buɗe. Irin wannan nauyin mota duk a gefen ciki yake sauka, sai gefen ya cinye sumul ba tare da haƙoran zarto ba. A ƙananan motoci da yawa babu wurin saita kamba tun daga kamfani. Idan ta kauce, to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, ko sifirin ya gaji, kuma mun san dalili: ramukan damina, hawa kan dakalin titi, da lodin da ya fi ƙarfin mota.

Akwai kuma cin da ke fitowa rami-rami a kewayen taya, wani wuri ya lotsa, wani ya tashi, ga gurnani idan ana gudu. Wannan yawanci shokazoba ce ta mutu, taya na tsalle maimakon ta kwanta a titi. Rawar sitiyari kuwa da ke tasowa idan an doshi gudun kilomita 100, ta lafa idan an sassauta, galibi balansin take nema, 'yar dalmar nan da ake maƙalawa a jikin wili. Balansin da alaimen aiki biyu ne daban, ko da yake a shago ɗaya ake yin su.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke tafiya a banza. Mutum ya ga taya ta ci gefe, ya garzaya a yi masa alaimen, ya biya, bayan mako biyu mota ta koma gidan jiya. Me ya sa? An saita taya a kan ƙarfen da ke girgiɗi. Kafin a ɗora mota a kan na'ura, a sa jak a ɗaga ta. Ka kama tayar dama da hagu ka jijjiga: idan tana ƙwas-ƙwas, a dubi tayarod. Ka kama sama da ƙasa: idan ta motsa, a dubi boljoyin ko boris. A leƙa robobin bushin ko sun tsage. Duk wanda ya karɓi kuɗin alaimen bai yi wannan ba, a ganina bai yi maka adalci ba, ko da kwamfutarsa ta cika shago.

Jan da mota ke yi gefe ma ba kullum ne laifin alaimen ba. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara, mu kuma tun 1972 a hannun dama muke tuƙi a Najeriya, don haka ɗan zamewa dama ba abin tsoro ba ne. Idan jan ya yi yawa, a musanya tayoyin gaban biyu a gwada. In ta koma ja ɗaya gefen, laifin na taya ne.

Tawa motar, da aka ɗaga ta, kan tayarod na hagu ne ya ci har yana rawa a hannu. Aka canza shi, aka saita, sitiyari ya miƙe. Tayar kuwa ba ta dawo ba, domin alaimen ba ya mayar da robar da kwalta ta cinye. Biyu na saya, kuma yanzu duk Juma'a kafin in tafi masallaci, sai na karya sitiyari na leƙa gefen ciki.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A sauka lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]