Kwana 5 A Tsaunin Mambila: Yadda Ɗan Aji 2 Ya Fitar Da Mu Daga Hazo

Da malaminmu na labarin ƙasa ya ce kowa ya saka rigar sanyi da bargo a jakarsa, dariya muka yi. A ƙarshen damina ake, zufa na karyo mana a cikin aji, kuma inda za mu ai cikin Najeriya ne. Mutum 3 kacal cikin mu 22 suka ji maganarsa. Kwana 2 bayan haka, a garin Gembu, waɗannan ukun ne suka yi barci. Sauranmu muka kwana haƙora na kaɗawa, muna jayayya a kan bargon aro.

Tsaunin Mambila yana kudu maso gabashin Jihar Taraba, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, dab da iyakarmu da Kamaru. Ziyarar karatu ce ta kai mu, amma maganar gaskiya, ƙannenmu, galibinmu hoto muka je ɗauka. Mun ga hotunan korayen tuddai a waya, mun ƙudura cewa mu ma sai an gan mu a kansu. Abin da muka dawo da shi ya wuce hoto, shi ne kuma muke so mu ba ku labari.

Hawa Biyu da Sisi

Daga Jalingo muka tashi da asuba. Muka bi ta Bali, muka yada zango a Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti take. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Har zuwa nan zafi ne irin wanda muka saba da shi.

Sai da muka wuce Mayo Selbe sannan labari ya sauya. Hanya ta fara hawa tana murɗewa kamar igiya, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗaya hannun. Masu surutu a bayan mota suka yi tsit, wasu suka kama salati. Direbanmu, dattijo ne da ya daɗe yana bin hanyar, ya kashe rediyo ya ce, "'Ya'yana, a nan ba a gaggawa. Wanda ya yi sauri shi ke makara."

Shi ne ya nuna mana wurin da ake kira Hawa Biyu da Sisi. Ya ce sun taso sun ji ana cewa sule biyu da sisi ake biyan ɗan dako a zamanin Turawa idan ya hau da kaya a ka, tun kafin a fasa dutsen a yi hanyar mota. Muka dubi tsayin hawan, muka dubi jakunkunanmu da muke ƙorafin nauyinsu, babu wanda ya ce uffan.

Da muka ƙure hawan, kunnuwanmu a toshe, sai ga wata duniya ta buɗe. Tuddai ne jere da juna iya ganinka, lulluɓe da ciyawa shar, ga layukan itacen turare, ga garkunan shanu kamar an zuba su. Muka wuce Maisamari da Nguroje, ana kiran sallar magariba muka shiga Gembu.

Daga ina sanyin yake?

Washegari, muna riƙe da kofunan shayi don ɗumama hannu, malam ya tuna mana abin da ku ma kuke karantawa a aji. Yawancin saman Mambila yana kan tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa kimanin mita 1,200 ce. Duk lokacin da mutum ya hau mita 1,000, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos. Dalili shi ne iskar sama ba ta da matsi kamar ta ƙasa, idan iska ta hau sai ta baje, idan ta baje kuma sai ta huce. Ke nan wanda ya hau mita 1,200 ya rage wa kansa zafin kusan digiri 8 ba tare da ya kunna fanka ba.

Wannan dalili ne kuma ke kawo yawan ruwan sama. Iska mai ɗauke da laima tana tasowa daga Tekun Atilantika, idan ta ci karo da tsauni dole ta hau, tana hawa tana hucewa, laimar ta dunƙule ta zama gajimare ta zubo. Shi ya sa daminar Mambila ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba.

Sanyin ya yi wa makiyaya rana. Ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu cutar sammore, ba ya son wuri mai sanyi da tsayi irin wannan, don haka kiwo ya bunƙasa. Manoma kuma suna samun masara da dankalin Turawa da ayaba da fiya da gahawa. Kindirmon da muka sha a Nguroje, cokali sai ya tsaya a cikinsa.

Daga gona zuwa teburin mai shayi

A Kakara muka ga gonar shayi a karon farko a rayuwarmu. A nan ake noman ganyen da ake sayarwa da sunan Highland Tea. Wasunmu sun zaci shayi ciyawa ce, ashe itace ne da ake yi wa aski a kai a kai don kada ya wuce ƙugun mutum. Masu tsinka, da kwanduna a bayansu, sabon toho da ganye biyun da ke ƙarƙashinsa suke nema.

Bayan an tsinko, sai a baza ganyen ya yi yaushi, a yayyanka shi a murza da inji, a bar iska ta shige shi har ya rikiɗe daga kore zuwa ruwan ƙasa, sannan a busar da shi da zafi. Wannan rikiɗewar ce ke ba shayi launinsa da ɗanɗanonsa. Mun gwada tsinka na minti 10, wata uwa mai aikin ta leƙa abin da muka tara ta yi dariya ta ce da wannan ko kuɗin sabulu ba za mu samu ba.

Ranar da hazo ya rufe mu

A rana ta uku muka yi wautar da har yanzu muke jin kunyarta. Muna aikin auna gangare a wani tudu da ke wajen Nguroje, sai mu 6 muka hango wani ƙololuwa muka ce hotonsa zai fi kyau. Ba mu gaya wa malam ba, muka sulale. A idonmu tafiyar minti 15 ce. Sai da muka shafe kusan awa ɗaya, domin a tsauni abin da ido ke gani kusa, ƙafa ce ta san nisansa.

Ba mu gama ɗaukar hoto ba gajimare ya sauko a kanmu. Cikin ɗan lokaci mutum ba ya ganin wanda ke taku 10 daga gare shi. Babu sabis a waya. Duk inda muka juya ciyawa ce iri ɗaya, kuma mun san akwai kwazazzabo a wani ɓangare, amma ba mu san wanne ba. Yayyafi ya fara, rigunanmu suka jiƙe, ɗaya daga cikin matan da ke tare da mu ta fara kuka. Muka haɗa baki muna kwala kira.

Wanda ya amsa yaro ne da bai wuce shekara 14 ba, da sanda a kafaɗa da takalmin roba. Ya gaishe mu da Fulatanci, da ya ga ba mu gane ba ya juya Hausa. "Yayyena, ina za ku ta nan? Gabanku rami ne."

Ya ce mu jeru a bayansa, kowa ya riƙe rigar na gabansa. Ba ya ganin hanya fiye da yadda muke gani, amma yakan tsaya ya saurari ƙarar rafi, ya duba sawun shanu a burtali, ya ce mu karkata dama ko hagu. A hanya muka ji cewa ɗan aji 2 ne a ƙaramar sakandare, ranakun da babu makaranta yake taya mahaifinsa kiwo. Bayan kamar minti 40 muka jiyo hon ɗin motarmu.

Faɗan da malam ya yi mana ba sai an faɗa ba, kuma mun cancanta. Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya. Yaron ya ga taswirar da ke hannun malam ya ce, "Malam, don Allah a nuna mini rugarmu." Aka duba, babu ita. Rafin da ya bi ya cece mu ma wani siririn layi ne shuɗi marar suna. Sai ya ɗora yatsa ya fara faɗin sunayen rafuffukan ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke ƙafewa da rani, da wanda ba ya ƙafewa. Malam ya juyo gare mu ya ce mu fito da littattafanmu mu rubuta. A nan muka koyi cewa "mayo" da ke cikin sunaye irin su Mayo Selbe da Mayo Ndaga, kogi yake nufi da Fulatanci. Ɗalibai 22 na jami'a, muna tsaye cikin yayyafi, ɗan aji 2 yana ba mu darasi.

Ruwan da ke gangarowa

Waɗannan ƙananan rafuffuka ba abin rainawa ba ne. Su ne ke haɗuwa su zama manyan koguna. Kogin Donga daga Mambila yake tasowa, ya gangara ya faɗa Binuwai, Binuwai kuma ya haɗu da Neja a Lakwaja. A kan ruwan Donga ne aka daɗe ana shirin gina tashar lantarki ta Mambila, wadda iyayenmu suka ji labarinta tun suna matasa.

Abin da ke riƙe ruwan shi ne ciyawa da kurmi. A Kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, mun shiga ragowar irin dajin da ke tsiro a kan tsaunuka kaɗai. Ciki duhu ne da sanyi, ƙasa a jiƙe kamar soso. Akwai biran nan masu kama da mutum da ake kira cimfanzi, duk da cewa mu sheƙar da suke yi da ganye a saman itace kawai muka gani. Masana daga Najeriya da Niyu Zilan sun daɗe suna bincike a wurin tare da matasan ƙauyen, waɗanda suka san itatuwan da sunayensu na gida da na kimiyya.

Mai yi mana jagora ya nuna mana kututtura baƙi ƙirin a bakin kurmin. Da rani akan cinna wa ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro wa shanu, wutar kuma ba ta san iyaka ba. Ana shinge wasu wurare ana dasa itatuwa, amma abin da wuta ta ci a yini ɗaya sai ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Jama'a na ƙaruwa, manomi na son gona, makiyayi na son makiyaya. Rikicin da ya ɓarke a yankin a 2017 ya ci rayuka, kuma duk wanda muka zanta da shi, ko daga wane ɓangare yake, addu'arsa ita ce kada a sake ganin irinsa.

Ƙasar da ta zaɓi Najeriya

A kasuwar Gembu za ka ji harshen Mambila da Fulatanci da Kaka da Panso da Hausa duk a layi ɗaya. Wani dattijo mai sayar da goro ya tambaye mu ko mun san dalilin da ya sa ake kiran ƙaramar hukumar Sardauna. Muka yi ta kame-kame.

Tarihin shi ne, wannan yanki yana cikin Kamarun Jamus ne har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan ya koma hannun Ingila a matsayin amana. A ranar 11 ga Fabrairun 1961, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila ko Najeriya suke so ko Kamaru. Maza da mata suka jefa ƙuri'a, mafi rinjaye suka zaɓi Najeriya. A ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello. Daga baya ya shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991. Mu da muka riƙa kiran wurin "ƙarshen duniya" a mota, sai jikinmu ya yi sanyi. Mu haihuwarmu aka yi muka tarar da kanmu 'yan Najeriya, su kuwa kakanninsu layi suka bi suka zaɓa.

Idan Allah Ya kai ku

Ga abin da muka koya, wani da daɗi wani da wuya. Ku ɗauki rigar sanyi da rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa. Ku hau tsaunin da rana, kada dare ya same ku a hawan. Kada ku rabu da ayari, kuma kada ku shiga daji ko tudu sai da ɗan gari. Ku gaida mutane kafin ku ɗaga waya, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko gidansa ko shanunsa. Kwalba da leda da kuka hau da su, ku sauko da abinku. Kalma ɗaya ta harshen masu gida, ko da "useko" ce, wato na gode da Fulatanci, tana buɗe ƙofa.

Ba mu samu hawa Chappal Waddi ba, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Yana cikin Gandun Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru, kuma hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da ma'aikatan gandun. Mun bar shi sai wani jiƙon.

Kafin wannan lokaci, ga aikin da muke ba ku, wanda ba ya buƙatar kuɗin mota. Ku samu wani tsoho ko makiyayi ko masunci a garinku, ku tambaye shi sunan kowane rafi da tudu da fadama da ke kewaye da ku, da abin da ya sauya a cikinsu tun yana yaro. Ku rubuta, ku zana taswirarku, ku kai wa malaminku na labarin ƙasa. Mu tamu taswirar ta tudun Nguroje tana liƙe a bangon ajinmu, da sunayen rafuffuka 7 da ba su cikin wadda aka buga.