Sanƙarau Na Biyu: Magani Ɗaya Ba Ya Isa

Kowa ya san sanƙarau mai zuwa da bazara, wanda ake yi wa yaranmu allurar rigakafinsa. To, akwai wani sanƙarau na dabam da ba ya jiran zafi, kuma waccan allura ba ta tare shi. Ƙwayar da ke kawo shi dangin yis ce, sunanta kiriptokokus. Tana zaune cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da kashin tattabaru, muna shaƙar ta da ƙura, jikin mai lafiya kuma ya kashe ta. Amma wanda ciwon sida ya karya masa garkuwar jiki, sai ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cewa a shekarar 2020 ta kashe mutum wajen 112,000 a duniya, galibinsu a Afirka.

Magungunanta uku ne, kowanne da cikas ɗinsa. Amfoterisin B, wanda ake sawa ta jijiya, yana huda fatar ƙwayar, amma in an daɗe ana ba da shi yana taɓa ƙoda, ya rage jini. Fulusaitosin yana shiga cikinta ya hana ta hayayyafa, sai dai in shi kaɗai ne, nan da nan take sabawa da shi. Fulukonazol kuwa yana da araha, amma aikinsa da nawa. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa likitoci suke haɗa su: wannan ya huda, wancan ya shiga.

An gwada haɗin a asibitocin Malawi, Zambiya, Tanzaniya da Kamaru, har da na Duwala da Yawunde, aka fitar da sakamako a 2018. Cikin mako 10, waɗanda aka haɗa musu amfoterisin da fulukonazol, kashi 45 cikin ɗari sun rasu. Waɗanda aka haɗa musu shi da fulusaitosin kuwa, kashi 31. A 2022 wani bincike a ƙasashen Afirka biyar ya nuna cewa ƙarin ruwa sau ɗaya tak na sabon samfurin amfoterisin, tare da shan sauran biyun na kwana 14, yana ceton rai kamar tsohuwar hanya, illarsa kuma ba ta kai tata ba. A shekarar 2022 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi gaba cikin shawarwarinta.

Mene ne namu a ciki? Mai ɗauke da sida da ya yi kwanaki da ciwon kai mai tsanani, ko zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, kada mu tsaya ga maganin shawara ko na tebur. Mu kai shi asibiti. Akwai awon jini mai sauƙi da ke gano ƙwayar tun kafin ta nuna alama. In likita ya nemi ɗibar ruwan ƙashin baya, mu yarda, domin rage ruwan yana sauƙaƙa ciwon kan, yana kuma ceton rai. Bayan sallama akwai shan fulukonazol na watanni, kada a yanke don an ji sauƙi.

Muna kuma kira ga hukumomin lafiya su wadata asibitocinmu da fulusaitosin, tun da in babu shi haɗin ya gurgunce. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.