Yaro Mai Otizim da Ruwa: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa Kawai

Cikin saƙonnin da ke yawo a wayoyin iyayen yara masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, akwai guda mai tayar da hankali: wai haɗarin mutuwa a ruwa ga irin waɗannan yara ya ninka na sauran yara sau 160. Wasu iyayen da suka karanta sai suka hana ɗansu ko kusantar baho. Wasu kuma suka ce ƙaryar intanet ce, suka wuce abinsu.

Maganar tana da tushe. A shekarar 2017, Joseph Guan da Guohua Li na Jami'ar Columbia da ke New York suka bi takardun shaidar mutuwa na Amurka daga 1999 zuwa 2014, suka tsamo mutum 1,367 masu otizim. Abin da suka rubuta shi ne kason mutuwar da nutsewa ta jawo a cikinsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 40. Adadin 160 daga bakin Li ya fito, lokacin da yake bayani kan yara kaɗai. Ko 40 ko 160, ƙididdigar Amurka ce, kuma ta dogara ga abin da likita ya rubuta a takardar mutuwa, don haka ba ma'aunin Kano ko Maraɗi ba ce. Amma inda ta nuna da yatsa gaskiya ne: ruwa na cikin manyan abubuwan da ke cin ran waɗannan yara.

Me ya jawo? A nan ne jita-jita ta fi yawa a wajenmu. Da an ga yaro ba ya magana, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, kullum yana gindin famfo yana kallon ruwa na bi ta tsakanin yatsunsa, sai a ce 'yan ruwa ne ke kiransa. Bayanin masana ya fi wannan sauƙi. Yawancin masu otizim suna jin sauti, haske da taɓawa ba kamar yadda sauranmu ke ji ba. Ƙyallin rana a kan ruwa yana ɗauke musu hankali, ruwa yana rungume jiki ta ko'ina daidai wa daida, kuma idan kunne ya shiga ciki hayaniyar duniya tana lafawa. Ga yaron da ƙarar janareta ko ihun 'yan wasa ke azabtar da shi, wannan hutu ne. Abin da ba ya hangowa shi ne zurfi.

Sai kuma sulalewa. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga a 2012, kan yara sama da 1,200, ya gano kusan rabinsu, kashi 49 cikin 100, sun taɓa yunƙurin ficewa daga inda ake kula da su bayan sun kai shekara huɗu. Cikin waɗanda suka ɓace, kusan ɗaya cikin huɗu ya shiga haɗarin nutsewa. Kevin Wills, yaro mai otizim, yana da shekara tara ya nutse a wani kogi a jihar Iowa a 2008. Avonte Oquendo, ɗan shekara 14, shi ma mai otizim, ya fita daga makarantarsu a New York a watan Oktoban 2013, sai a Janairun 2014 aka tsinci gawarsa a gaɓar kogi. Da sunansu aka yi wata doka a Amurka a 2018, wadda ta ware kuɗi don horar da masu neman irin waɗannan yara da sayen na'urorin gano inda suke.

Darasin da masu ceto suka ɗauka daga irin waɗannan rashe-rashe gajere ne: a fara duba ruwa. Mu idan yaro ya ɓace, gidan mai unguwa muke nufa, a yi cigiya a masallaci, a kai sanarwa gidan rediyo. Duk suna da kyau, amma su biyo baya. A mintunan farko a raba mutane zuwa kududdufin unguwa, rijiya, lambatu, ramin da masu gini suka tara ruwa. Kuma kada a tsaya ana ƙwala kiran sunansa ana jiran ya amsa, mai yiwuwa yana ji amma ba zai amsa ba.

Akwai masu cewa yaron da ba ya magana ba zai iya koyon iyo ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Iyo da jiki ake koyonsa, kuma da yawansu suna ƙwarewa. Salon koyarwar ne ya bambanta. Malami ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, a sa'ar da babu cunkoso. A nuna masa hotunan abin da za a yi bi da bi, a rage surutu, umarni ya zama kalma ɗaya ko biyu. Wani yaron zai shafe darasin farko zaune a baki yana kaɗa ƙafa, kuma wannan ci gaba ne. Wani warin kulorin ke damunsa, wani ba ya son ruwa ya shiga kunnensa, shi ya sa kwanciya rigingine a kan ruwa kan ɗauki makonni. Malami zai tallabe ƙeyarsa da tafin hannu, ya bar shi ya kalli sama, yana janye yatsunsa ɗaya bayan ɗaya har yaron ya ji ruwan ne ke ɗauke da shi. Wannan kwanciyar, da juyawa zuwa baki, da fitowa da kansa, su ne abin nema kafin duk wani salon gwaninta.

Tsohuwar dabarar nan ta a jefa yaro a ruwa ya koya dole, a bar ta. Tana iya kashe shi, in kuma ya tsira ta bar masa firgicin da zai hana shi koyo.

To idan ya koya, an huta ke nan? Wannan ce maganar da na fi jin tsoro, domin rabinta gaskiya ne. Wani binciken Amurka na 2009 ya danganta darasin iyo da raguwar haɗarin nutsewa da kashi 88 cikin 100 ga yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, sai dai yaran da aka bincika ba su da yawa, kuma ba kan masu otizim aka yi shi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince a fara koya wa yara da yawa tun daga shekara ɗaya, ta ce babu hujjar cewa darasi yana kare jarirai 'yan ƙasa da haka, ta kuma nanata cewa babu darasin da ke mayar da yaro wanda ruwa ba ya ci. Ga mai otizim akwai ƙarin matsala: abin da ya koya a wuri ɗaya ba lalle ya ɗauke shi zuwa wani ba. Ya saba da ruwa garai-garai mai matakala da malami a gefe, ranar haɗari kuwa kududdufi ne mai laka da santsi, yana sanye da riga da takalmi. Saboda haka ne ƙwararru ke yin darasin ƙarshe da yaron cikin kayan jikinsa. Idan kuma yana da farfaɗiya, wadda ta fi yawa cikin masu otizim, gwanintarsa ba ta da amfani a lokacin da ta tashi. Sai an tuntuɓi likita, kuma babba ya kasance kusa da shi yadda hannu zai kai.

Balan-balan ɗin da ake zura wa yara a dantse kayan wasa ne, suna sacewa, suna zamewa. Rigar ceto mai ɗauri daidai jikinsa ita ce ta shiga kwalekwale ko zama bakin gulbi. Masu tallar cewa iyo, ko wasa da dabbar ruwa dolfin a ƙasashen waje, yana warkar da otizim kuwa, kuɗin iyaye suke so. Iyo yana ƙarfafa jiki, yana sanyaya wa wasu yaran rai, amma babu hujjar yana kawar da lalurar.

Mutane da yawa suna zaton mai nutsewa yana ihu yana fantsama ruwa. Yaro shiru yake nutsewa, sau da yawa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska. Ba ya buƙatar kogi. Bokitin wanki da aka bari a tsakar gida ya isa, idan ƙaramin yaro ya leƙa kansa ya rinjaye shi.

Na san yawancin gidajenmu ba su da hanyar zuwa wurin ninkaya, galibi sai a otal, da kuɗi. Kuma ba zan ce a kai yaro kududdufi ya koya ba, ga zurfin da ba a sani ba, ga tsargiya. Amma kariyar da ta fi ƙarfi ba ta buƙatar otal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Matakan da take sa wa a gaba su ne shinge da sa ido. A Bangladesh, tara yaran ƙauye a gida ɗaya ƙarƙashin kulawar mata a sa'o'in da iyaye ke aiki ya rage mace-macen sosai. A wajenmu wannan na nufin murfi mai kwaɗo a kan rijiya, sakata a can saman ƙofa inda hannunsa ba ya kaiwa, kife baho da bokiti da zarar an gama. A ranar suna ko biki, lokacin da kowa ke zaton wani na kallonsa, a ambaci mutum ɗaya babba a ce yaron yana hannunsa, kada a ɗora wa yayarsa 'yar shekara takwas. A kuma sanar da maƙwabta. Ɓoye lalurar don kunya yana hana mai shagon bakin layi tare shi idan ya gan shi ya nufi ruwa shi kaɗai.

Idan an tsamo yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna cikinsa ko riƙe shi kai a ƙasa wai ruwa ya fita. Iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hurawa sau biyu, yayin da wani ke neman mota ko kiran lambar gaggawa 112. Ko ya farfaɗo ya koma wasa, a kai shi asibiti, musamman idan yana tari, numfashinsa na sama-sama, ko barci ya rinjaye shi.