Antoni Janar na Jiha: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

A jihohi 43 na Amurka, jama'a ne ke zaɓen babban lauyan gwamnatin jiha da ƙuri'a. Sai ka ga gwamna ɗan wata jam'iyya, Antoni Janar ɗan wata, kuma gwamnan ba shi da ikon sallamarsa. A Maine 'yan majalisar jiha ke zaɓensa. Tennessee kuwa ta fita daban, don alƙalan kotun ƙolin jihar ne ke naɗa shi, wa'adinsa shekara 8.

Wannan 'yancin ya taɓa yin rana. A 1994 Mike Moore, Antoni Janar na Mississippi, ya maka kamfanonin taba sigari a kotu, yana neman su biya kuɗin da jihar ta kashe wajen jinyar mashaya. Gwamnan jiharsa da kansa ya garzaya kotu don ya hana shi, bai yi nasara ba. Sauran jihohi suka bi sahu, har a 1998 kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25.

Bill Clinton ya riƙe wannan kujera a Arkansas, Kamala Harris a California. Tom Miller na Iowa ya yi shekara 40 a kanta.

A Najeriya gwamna ne ke naɗawa, majalisa ta tantance, kuma sashe na 195 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai wanda ya kai shekara 10 da zama lauya. Shi ne kuma kwamishinan shari'a, wato yana zaune a majalisar zartarwa ta wanda ya naɗa shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sashe na 211. A ƙarƙashinsa Antoni Janar yana iya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta ɗungurungum kafin a yanke hukunci. Dangi sun yi ta sintiri kotu, shaidu sun rantse, sai lauyan gwamnati ya miƙe da takarda guda, alƙali ya sallami wanda ake tuhuma. A shari'ar Ilori ta 1983 Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotu ba ne ta binciki dalilinsa. Iko irin wannan bai kamata ya zauna a hannun wanda gwamna zai iya tuɓewa gobe da safe ba. Kenya ta raba aikin lauyan gwamnati da na gurfanarwa a tsarin mulkinta na 2010, ta miƙa gurfanar da masu laifi ga ofishi mai cin gashin kansa.

Taslim Elias, Antoni Janar na tarayya a 1960, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga baya ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985.

Bola Ige kuwa yana kan wannan kujera ta tarayya lokacin da 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa da ke Ibadan, ranar 23 ga Disamban 2001. An gurfanar da mutane, kotu ta sallame su, kuma har yau ba a hukunta kowa ba.