Yadda Kwamfuta Ta Fara Ba da Amsa Nan Take

A da, mai son kwamfuta ta yi masa lissafi sai ya huda katuna, ya miƙa wa ma'aikata, ya jira sa'o'i. Kuskuren harafi ɗaya kan sa ya sake bin layi.

A 1963 Cliff Shaw na cibiyar RAND a Amurka ya fito da tsarin JOSS. Mutum na buga lissafinsa a tafireta da koriyar tawada, kwamfuta na amsawa nan take da baƙa. In ba ta gane ba, sai ta rubuta "Eh?", wato "Me ka ce?"

Daga nan injiniyoyi suka samu damar gwadawa, su ga kuskurensu, su gyara a zama ɗaya. Ɗalibai, ku ma da gwaji da gyara za ku iya lissafi.