Zafin Injin Mota: Yadda Za a Mayar da Shi Ruwan Wanka

Idan hunturu ya kankama a Zariya, tsakanin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, wanka da ruwan randa kuwa sai mai ƙarfin hali. Na gida yana da gawayi ko gas. Wanda aiki ya kai shi ƙauye ya kwana fa? Unguwar Samaru da ke Zariya ta daɗe da sanin irin waɗannan ma'aikata. Tun shekarun 1920 ake binciken noma a nan, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau malaman gona da likitocin dabbobi na fita da Hilux da Land Cruiser, motoci masu ja da ƙafa huɗu, zuwa gonakin gwaji da rugage. Kowace irin wannan mota tana zubar da zafin da ya isa ya dafa wa mutanen cikinta ruwan wanka.

Ga lissafin. Cikin ƙarfin da ke jikin man da inji ya sha, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke juya taya. Kashi ɗaya ya bi salansa ya fita da hayaƙi, ragowar kuma ruwan inji ya kwasa ya kai lagireto, fanka ta watsar a iska. Wannan ruwa yana zagayawa da zafin digiri 85 zuwa 95. Litar dizal ɗaya na ɗauke da kimanin megajul 36, wato kusan 12 ke tafiya ta lagireto. Ɗaga bokitin lita 20 daga digiri 15 zuwa 40 kuwa megajul biyu da 'yan kai yake ci, abin da hitar lantarki mai kilowat ɗaya za ta yi fiye da rabin awa tana yi. Ke nan zafin da ake zubarwa daga lita ɗaya ya kai na bokiti biyar.

Abin da ke tare wannan zafi shi ake kira na'urar musayar zafi. Duk uwar da ta taɓa tsoma kofin kunu a kwanon ruwan sanyi don ya huce wa yaro ta san sirrinta: zafi yana ratsa bangon kofin, amma kunu da ruwa ba sa gauraya. A Ostireliya, inda mutane ke shafe kwanaki a jeji da motocinsu, ana sayar da na'urar a shago, wasu kuma su ƙera tasu a gida.

Ƙirarta ba ta fi ƙarfin masu sana'ar Sabon Gari ba. Unguwar da ta tashi a gefen layin dogo tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 ta saba da aikin ƙarfe, ga masu gyaran lagireto, ga masu waldar gas, ga masu gyaran firji waɗanda lanƙwasa bututun tagulla shi ne abincinsu. Za a samo babban bututu mai faɗin kamar santimita biyar da tsawon santimita 30 zuwa 40. A naɗe siririn bututun tagulla mai tsawon 'yan mitoci, a cusa shi ciki, a toshe bakunan babban, a bar kawunan siririn a waje. Sai a fitar wa babban da baki biyu, na shiga da na fita. Dalilin zaɓar tagulla shi ne tana wuce da zafi kusan ninki takwas fiye da baƙin ƙarfe.

Wurin haɗawa shi ne tiyon da ke kai ruwan zafi daga inji zuwa hitar cikin mota. Bakanike zai yanke shi ya saka na'urar a tsakani, ruwan inji ya riƙa bi ta cikin babban bututun yana lulluɓe siririn. Ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, wanda aka sa wa fis, shi zai zuƙo ruwan wanka daga jarka ya tura shi ta cikin siririn. Akwai wata dabara da injiniyoyi ke koyarwa: a sa ruwayen biyu su bi hanya suna fuskantar juna, wannan daga gabas, wancan daga yamma. Ta haka bambancin zafinsu ba ya ƙarewa tun daga farkon bututun har ƙarshensa, na'urar ta fi cin aiki.

A nan ne wata al'ada ta garejinmu za ta kawo cikas. Makanikai da yawa, da zarar mota ta shigo hannunsu, sai su cire tamostat, su ce, “Alhaji, ai wannan na ƙasar sanyi ne.” Alhali aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Motar da aka cire wa shi takan yi ta gudu da inji mai sanyi, ta ƙara shan mai, inji ya yi saurin lalacewa, a asubar hunturu kuma ruwanta ba zai yi zafin kirki ba. Mai son wannan na'ura sai ya fara da mayar da tamostat.

Haɗarin aikin guda huɗu ne, kuma babu na wasa a ciki. Na farko ƙuna. Ruwan da ya tsaya cikin siririn bututu yayin da famfo ke kashe yana ɗaukar zafin inji gaba ɗaya, ruwa mai digiri 60 kuwa daƙiƙa kaɗan suka ishe shi ya sale fata, balle ta yaro. Maganin shi ne kada a watsa wa jiki kai tsaye. A mayar da bakin tiyo cikin bokitin, ruwan ya yi ta zagayawa har ya kai digiri 38 zuwa 42, a taɓa da hannu, sannan a yi wanka. Wannan hanya ta fi dacewa da injin dizal ma, domin ba ya fitar da zafi mai yawa idan mota na tsaye.

Na biyu guba. Ruwan sanyaya inji na kanti, kore ko ja, galibi yana ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, mai zaƙi a baki, mai lalata ƙoda. Huda ko da ba ta wuce tsinin allura ba sai ta tura shi cikin ruwan wanka, saboda ruwan inji a matse yake. Don haka siririn bututun ya zama guda ɗaya ba haɗi a ciki, a yi waldar tagulla maimakon liƙin dalma, a kuma hura masa iska a tsoma a ruwa a duba kumfa kafin a ɗaura. Ruwan da ya bi ta ciki ba na sha ba ne, ba na girki ba.

Na uku inji kansa. Kowane sabon haɗi wurin yoyo ne, kilif ɗaya ya saki a hanyar Birnin Gwari sai ruwa ya tsiyaye, gaskit ya ƙone. A sa tiyo mai jure zafi, a fitar da iskar da ta shiga layin, kada kuma a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Na huɗu hayaƙi: ba a barin inji a kunne a rufaffen gareji, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari.

Duk wanda ya duba waɗannan haɗurra zai ga cewa hannu kaɗai bai isa ba, takarda kaɗai ma haka. Ɗalibin injiniyan injuna a Samaru yana lissafa musayar zafi a aji, mai walda a Sabon Gari yana haɗa tagulla kullum, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna ce ta Kwangila. Ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri zai iya ɗaukar wannan: ya fitar da ma'aunin bututu, ya kai wa mai sana'a su ƙera tare, su gwada yoyo da zafi a kan mota ta gaske, su rubuta ƙa'idojin da Hausa yadda kowane gareji zai karanta. Idan aka yi haka, direba zai sami na'urar da ya amince da ita, mai sana'a ya sami sabon abin sayarwa, kuma ba a ƙona wa kowa fata wajen gwaji ba.